Benen da Na Cinye a Guangzhou

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Juma'a ce a ƙarshen watan Agustan 2008, ranar da na tara dattawan kasuwa a ofishin kawuna, na toshe tagogi da kwali, na kashe fitila, na haska musu abin kunyata a jikin bango. Ba wanda ya sa ni. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na gayyata, har ina cewa kowa ya zo da wuri kada ya rasa kujera.

Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina aiki a ofishin kago na Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, a hawa na tara na wani bene a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suka fi taruwa a Guangzhou. Ɗan kasuwa zai sayo kayansa ya kawo mana, mu auna, mu naɗe, mu tura masa gida ta ruwa ko ta sama. Ni ne mai salatef. (Ba yabon kai ba, in na naɗe kwali, mai shi sai ya nemi wuƙa mai kaifi.) Bayan wannan akwai wani aikin da ba a biyan mu komai a kansa, amma a wurin Kawu ya fi kowanne nauyi, wato saƙo. Duk wanda zai taso daga gida sai an ɗora masa ƙullin wani: yaji, kuka, daddawa, kilishi, man shanu. In ya sauka ya kawo mana, mu sa a kabad ɗin ƙarfe na ɗakin baya har mai shi ya zo ya ɗauka. Kawu yakan ce mutum zai iya yafe maka ɓatan kwalin takalmi, amma yajin da matarsa ta daka masa da hannunta, wannan sai dai ku haɗu a lahira.

A shekarar Kawu ya ƙudurta zai yi azumi a gida. Shekara huɗu rabonsa da shan ruwa a cikin iyalinsa, kuma ba abin da ke riƙe shi sai rashin wanda zai bar wa makullin ofis. Sai ya fara cewa, “Bana dai ina ganin zan gwada ka.” Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar makullin nan. Na gaji da sunan “yaron Alhaji Bala” alhali ga gemu ya fara fito mini. In Kawu ya fita har kujerarsa nake hawa, ina juyi hagu da dama, ina amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Ana haka wasannin Olamfik suka ƙarato. A Beijing za a yi, can nesa da mu, amma mu ma sai da suka taɓa mu. Biza ta yi wuya, masu zuwa sari suka ragu ƙwarai, sai mu wuni kwali biyar ba mu naɗe ba. Zaman banza ne ya kai ni wata kasuwar tsofaffin kaya neman cajar waya, na faɗa shagon wani tsoho da ake kira Lao Chen. Na nuna masa wayata, ya girgiza kai ya ce, “Mei yo,” babu ke nan. Amma maimakon ya bar ni in tafi, sai ya ja ni ciki, ya kunna wani ƙaramin majigi mai ƙara kamar keken ɗinki, ya haska a bayan ƙofa. Sai ga butar shayi tana tafiya da kanta a kan tebur, kofuna uku na bin ta a baya. Ya nuna ƙirjinsa, wai shi ya yi, tun yana saurayi.

Ni da ma tun ina yaro ba fim ɗin da nake so a gidan kallon unguwarmu kamar wanda dodo zai fito daga teku ya tattake gari. Ban bar shagon nan ba sai da tsohuwar kyamara a hannuna.

Bari in yi muku bayanin kyamarar, don nan ne bala'in ya kwanta. Irin ta da ce, wadda mutane ke ɗaukar suna da biki da ita a gida kafin zuwan bidiyo. Zaren fim ake saka mata a cikin ɗan baƙin akwati, minti uku da 'yan daƙiƙu ya ƙare, kuma ba ta ɗaukar murya. Babban abin shi ne ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai zaren an wanke, su kuma masu wankin a Hong Kong suke, wurin wani abokin Lao Chen. A gefenta akwai ɗan maɓalli. In ka tura shi sama, kowace dannawa hoto ɗaya take ɗauka. In ka tura shi ƙasa, sai ta yi ta ɗauka kamar kowace kyamara har sai ka tsayar da ita. Dabarar butar shayin ita ce ka ɗauki hoto ɗaya, ka matsar da buta kaɗan, ka sake ɗauka, ka sake matsarwa. Hoto goma sha takwas ne ke ba ka daƙiƙa ɗaya. Da ɗan Sinancin kasuwar da nake da shi da kuma maganar hannu, Lao Chen ya koya mini doka ɗaya: a gaban kyamara kada komai ya motsa sai abin da kake so ya motsa. Sau uku ya maimaita, yana riƙe da tsintsiyar hannuna. Na ce na gane. (Allah ya sani na ɗauka na gane.)

Dodon da kaina na haɗa shi. Ƙashinsa wayar rataye riga, namansa soson da ake cusawa a kwalin kayan fashewa, fatarsa tafin silifa na samfur da aka manta a ofis, haƙoransa zik ɗin jaka. Ido ɗaya maɓallin kwat, ɗayan maɓallin riga, shi ya sa kullum kamar yana harararka. Garin da zai rushe kuma na gina shi a kan teburin ɗakin baya da kwalayen waya da na ashana, na shimfiɗa shuɗiyar leda ta zama kogi, na kafa fitilar tebur a bayan garin don haske. 'Yan kasuwar da suka rage suka fara leƙowa suna kira na Darakta. Sun faɗa ne da tsokana, ni kuma na amsa da gaske.

Abu ɗaya ya rage. Duk wanda ya taɓa zuwa Tianhe, unguwar manyan ofisoshi, ya san gari ba ya cika gari sai da dogon bene ɗaya da ya tsere wa sauran. Na duba ofis kaf ban sami abin da ya yi tsayin da nake so ba. Sai na buɗe kabad ɗin saƙo.

Kwana biyu kafin nan Alhaji Tasi'u, wani mai sarin takalma ɗan Kano, ya sauka da saƙo. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, kuma kowa ya san shi da son abinci, in ana cin abinci a gidan abincin halal na ƙasan benenmu shi ne na ƙarshen tashi. Saƙon na Alhaji Isuhu ne, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin kayan kicin, wanda abincin Sin bai taɓa karɓarsa ba, shayi da burodi suke riƙe da shi. Matarsa ce ta aiko daga Maraɗi zuwa Kano, daga Kano Alhaji Tasi'u ya ɗauko a jakarsa. Shi kuma Alhaji Isuhu ya tafi Yiwu, wani garin kasuwa mai nisa, sai bayan sati uku zai dawo. Saƙon abu ne dogo, an naɗe shi da baƙar leda da salatef. Na ce aro kawai zan yi. Na yanke ledar a hankali, sai ga doguwar roba garai-garai irin wadda ake zuba alewa a kanti, mai jan murfi, an rubuta sunan Alhaji Isuhu a jikinta da manyan baƙaƙe. Cike take dam da dambun nama.

Na samo farar takarda na yanka mata tagogi jere-jere, hawa goma sha biyu, na zura wa robar kamar riga, na kafa ta a tsakiyar gari. Kai, bene ya yi kyau. Na ja da baya ina kallo ina jinjina wa kaina.

Murfin ne bai zauna daidai ba, na buɗe don in gyara. Ƙamshin nan ya buge ni. Jama'a, wata goma sha ɗaya rabona da gida. Dambun nan an soya shi da man shanu, an sa citta da kanumfari da ɗan barkonon da ba ya ihu sai ya sauka maƙogwaro. Na ɗan tsakura da yatsa biyu, don in tabbatar bai lalace a hanya ba. (Ai wannan ma hidima ce ga mai shi.) Bai lalace ba.

Daga nan aikin ya sami tsari. In matsar da ƙafar dodo, in danna, in matsar, in danna. In na cika hoto goma sha takwas, na sami daƙiƙa guda ke nan, sai in saka wa kaina da ɗan tsakure. Ɗan kaɗan ne fa, wanda in ka leƙa robar ba za ka ce an taɓa ba. Kullum bayan azahar in ofis ya yi shiru nake shiga, in tuɓe riga saboda zafin Guangzhou na watan Agusta ba ya jin maganar fanka, in rage daga ni sai singileti. Ta ƙofa ina jiyo talabijin, ana ta tsere da ninkaya, Kawu na gyangyaɗi a gabanta. Wata rana na ga allurar da ke nuna sauran zare ta yi tsalle gaba, kamar na ɗauki abin da ban ɗauka ba. Na ce tsufa ne, na ci gaba.

Ku lissafa da kanku daƙiƙa nawa ne a cikin minti uku. Ranar da zare ya ƙare na zare wa robar rigarta, sai gabana ya faɗi. Dambu ya koma can gindi, bai fi kaurin yatsa uku ba. Na girgiza, na juya, na sake girgizawa ko zai tashi. Bai tashi ba. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyarsa fiye da cin dambun. Na samo baƙar leda na mayar da robar, na naɗe da salatef, amma ban yi naɗina na gwani ba. Da gangan na yi shi a karkace, nan ya yi yawa can ya yi kaɗan, irin naɗin wanda ba sana'arsa ba ce. Na mayar kabad, na kai wa Lao Chen zare ya tura Hong Kong.

Alhaji Isuhu ya dawo daga Yiwu ya rame, ko masauki bai je ba ya wuce ofishinmu. A gaban Kawu ya sa wuƙa ya yanke ledar, yana murmushi. Murmushin ya tsaya. Ya ɗaga robar sama ya kalli gindinta, ya ciro waya ya kira Maraɗi. Muna ji matarsa tana rantsuwa cewa da ludayi ta riƙa danna shi har murfi ya ƙi rufuwa.

Kawu ya juyo gare ni. “Kai, a haka aka kawo ta?”

Na ce, “A haka aka kawo, Kawu. Yadda Alhaji Tasi'u ya miƙo mini haka na sa a kabad.”

Aka kira Alhaji Tasi'u. Ya hawo yana haki, ya ji bayani, ya ce, “Wallahi, Alhaji, ko sanin abin da ke ciki ban yi ba. Yadda aka ba ni a Kano haka na kawo.”

Alhaji Isuhu ya daɗe yana kallon cikin Alhaji Tasi'u, sannan ya ce, “Bon. Ba komi, Alhaji. Tahiyar da nisa, kuma abincin jirgi ba shi riƙe ciki. Na yahe maka.”

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Kafin magariba labari ya zaga Xiaobei. Aka fara tsokanar Alhaji Tasi'u, wani ya ce a daina ba shi saƙon abin da ake taunawa, wani ya ce ai ko kuka aka ba shi sai ya kaɗa miya a jirgi. Da farko yana dariya, daga baya ya daina. Ya daina saukowa cin abinci da jama'a, sai dai a kai masa ɗaki. Ina gani da idona. Abin ya dame ni, ba zan ce bai dame ni ba, amma duk lokacin da na buɗe baki zan yi magana sai in tuna makulli, saura kwana kaɗan Kawu ya tafi. Na ce wa raina ai maganar kasuwa ce, sati biyu za a manta.

Kuma ko sau ɗaya ban kawo fim ɗin a raina ba. Ai robar tana cikin rigar takarda, wa zai san mene ne a ciki? Ni a lissafina fim zai ma ƙara mini daraja, Kawu ya ga yaron nan yana da kai, yana iya fara abu ya gama. Shi ya sa da Lao Chen ya ce zare zai iso ranar Juma'a, na sa kallo a ranar bayan la'asar. Kawu da kansa ya matsa wa Alhaji Tasi'u ya zo, yana fatan in aka yi dariya tare, shi da Alhaji Isuhu za su shirya. Suka zo, ɗaya ya zauna a wannan bango, ɗaya a wancan.

Lao Chen ya iso da majiginsa a cikin jakar shinkafa, don ba ya ba da shi aro. Ya ja ni gefe ya nuna ɗakin baya, wai mu fara dubawa mu biyu kafin a nuna wa mutane. Na ce masa ba sai mun duba ba, ni na ɗauka, na san abin da ke ciki. Na fito gaban jama'a na yi jawabi. (E, har jawabi na yi.) Na ce abin da za su gani aikin haƙuri ne da kula da ƙananan abubuwa, kuma wanda ya iya riƙe ƙaramin abu shi ake ba babba. Da na faɗi wannan sai na ɗan saci kallon Kawu.

Aka kashe fitila, majigi ya fara ɗinkinsa.

Dodo ya fito daga ƙarƙashin leda yana ɗingishi kamar mai ciwon gwiwa. Aka yi dariya, irin ta jin daɗi. Ya taka kwalin ashana, wani ya ce, “Allah sarki, gidan talaka ya fara rusawa.” Wutsiyarsa ta ɓace na ɗan lokaci ta dawo, ranar da ta karye ke nan na ɗaure ta. Ni dai ina tsaye a gefe na harɗe hannu, zuciyata fes.

Can sai wani daga baya ya ce, “Ku bar dodon nan, ku kalli dogon benen can.”

Na kalla. Benen da farko duhu ne daga sama har ƙasa. Amma ga shi tagogin hawa na sama sun kama haske. Jim kaɗan na ƙasa da su suka kama. Haske yana saukowa hawa-hawa, a natse, kamar akwai mai gadi a ciki yana bi yana kunna fitilu. Kyau kam ya yi kyau, ni kaina ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Lao Chen ya ɗaga mini babban yatsa. Kawu ya gyara zama ya ce, “Darakta, wannan fa ya yi. Yaya ka yi shi?”

Ban san yadda aka yi ba, amma ba zan bar yabo ya wuce ni ba. Na ce, “Dabara ce, Kawu. Sai da na yi kwana uku ina lissafin yadda hasken zai riƙa…”

A tsakiyar maganar na gane. Fitilar tebur tana bayan robar. Dambu ne ke tare haske. Duk inda na cinye, haske ya sami hanya. Abin da ba ya ganuwa a tsakure ɗaya, kyamara ta tara shi kwana ashirin ta jera. Na lallashi kaina cewa ni kaɗai na san fassarar. Hawa na takwas ya kama, na bakwai ya kama. Na fara addu'a zare ya tsinke.

Bai tsinke ba. Ana hawa na huɗu sai dodo ya tsaya cak, hoton ya daina rawa, ya koma sumul kamar na talabijin. Ashe ranar da allura ta yi tsalle, hannuna ne ya ture ɗan maɓallin ƙasa, kyamara ta yi ta ɗauka, ihun 'yan kallon tsere a talabijin ya danne ƙararta.

Wani ƙaton hannu ya sauko daga sama ya cire rufin bene. Sai ga ƙatuwar fuska ta cika bango, tana naso, daga ita sai singileti. Fuskata. Na tumɓuke bene daga tsakiyar gari, na zare masa riga, sunan Alhaji Isuhu ya juyo ya fuskanci jama'a, kowane baƙi ya kai tsayin mutum. Na tsakura na ci. Na lumshe ido. Na ga tsakure ba zai yi ba, na ɗaga kai sama na kafa robar a baki ina bubbuga gindinta. Na lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, na goge sauran man a bayan dodo. Sannan na ɗaga robar saitin ido na auna inda ya tsaya, na girgiza ta da ƙarfi don ya ɗan tashi, na waiga wajen ƙofa kamar ɓarawon akuya, na mayar da riga na kafa bene a wurinsa. Duka bai fi daƙiƙa ashirin ba, don da na koma wurin kyamara na sake ture maɓallin sama ban sani ba. Daga nan dodo ya ci gaba da ɗingishinsa, ya ture kwalin waya ɗaya da ƙyar, aka rubuta “Ƙarshe”.

Wutsiyar zare tana ta dukan majigi, fat, fat, fat. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna a hawa na tara muke.

Alhaji Isuhu ne ya fara magana, cikin sanyin murya. “Laoban,” ya ce wa Lao Chen, wato maigida da Sinanci, yana juya yatsa a iska, “maido muna shi baya. Ban gani da kyau ba.”

Sau uku aka kalla. A na biyu aka fara dariya, a na uku har da masu faɗowa daga kujera, ana jira hannu ya sauko ana cewa ga shi nan, ga shi nan. Alhaji Tasi'u ya yi dariya har hawaye, sai kuma na lura dariyar ta ƙare hawayen bai ƙare ba. Ya share fuska da hularsa ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, kwana goma sha biyu ban ci abinci a gaban mutane ba. Kana gani na.” Duk abin da aka faɗa mini a ranar ba wanda ya shige ni kamar wannan.

Alhaji Isuhu ya tashi ya ratsa ɗakin ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, “Alhaji, ka yahe mini. Na ɗauki alhakinka.” Ni kuma ban jira an ce mini ba, na durƙusa a gabansu su biyu na ba da haƙuri. Alhaji Isuhu ya dube ni ta saman tabarau.

“Shi dai dambun, ya yi daɗi?”

Na ce, “Ya yi, Alhaji.”

“To madalla. Zan hwaɗa ma Hajiya, tana ta tambaya ta, ni kuma ban samu na hwaɗi ba.”

Kawu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya buɗe tagogi, ya taya Lao Chen naɗe wayar majigi, ya ce masa “shie-shie”, wato na gode, ya raka baƙi har bakin lifta. Kwana uku bai ce mini komai ba sai “kawo salatef” da “rufe ƙofa”. Na riga na haƙura da makulli. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin zai fasa tafiya, ya sake yin azumi a nan saboda kwaɗayina, kuma mahaifiyata za ta ji dalili.

Ranar da zai tafi ya kira ni, Alhaji Tasi'u na zaune a gefe. Ya ciro tarin makullai ya fara zarewa. Ya ajiye mini na ofis. Ya ajiye na sito, inda kayan mutane na kwantena biyu ke jibge. Ya ajiye na durowar takardu. Na ƙarshe, ɗan ƙarami na kabad ɗin saƙo, ya riƙe shi a hannu.

Ya ce, “Shekara uku kana tare da ni, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunka ba. Kwantena zan iya bar maka. Abin da ake ci ne ba zan bar maka ba.” Ya miƙa wa Alhaji Tasi'u. “Alhaji, ka riƙe wannan har in dawo. Duk wanda ya tambaya, ka ce ni na ce a duk Xiaobei kai na yarda da kai.”

Haka na yi watan azumi ina shugaban ofis, ina sa hannu a takardun kaya, amma in ƙullin yaji ya iso sai na buga wa Alhaji Tasi'u waya. Ya baro shagunan Guangyuan, inda yake sarin takalmansa, ya shigo jirgin ƙasa, ya hawo hawa tara, a gaban duk wanda ke ofis ya ciro makulli daga aljihun ƙirji ya ce, “Darakta, ɗan matsa baya.” In matsa. Bai taɓa fashin faɗin haka ba, ni ma ban taɓa jin haushi ba, don na san abin da na ci.

Na daina fim tun daga ranar, amma na fita da ilimi. Ɗan kaɗan ɗin da mutum ke cewa ba wanda zai lura, gaskiya ne ba wanda zai lura, a rana ɗaya. Matsalar kawai a sami wanda zai jera kwanakin ya haska su a bango. Shi ya sa yanzu in aka ba ni ajiya ba na ko sunsunawa, kuma in wani dattijo ya ja ni gefe ya ce mu fara dubawa mu biyu kafin a kira mutane, ba na ce masa na san abin da ke ciki.